Tsohon kantin bakin tasha a Nguru: wane ciniki aka yi a cikinsa, kuma me ya durƙusar da shi?

Jikan Mai Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana tarihi da dattawan da suka san kasuwancin garuruwan bakin layin dogo, game da wani tsohon gini da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wanda yanzu yake cikin gadon da ya faɗo wa danginmu. Ginin dogo ne, ba bene ba ne, an yi shi da jan bulo mai kauri, an rufe shi da kwano a kan manyan katakai. Ta fuskar titi yana da baranda mai faɗi, ta baya kuma akwai wata babbar ƙofar ƙarfe wadda daɓenta ya ɗaga sama da ƙasa kamar tsayin ƙugun mutum. A yau an yanyanka gaban ginin an mayar da shi ƙananan shaguna, akwai tela, akwai mai sayar da siminti, akwai mai cajin waya, bayansa kuma 'yan hatsi ne suke ajiye buhuna idan kaka ta yi.

A cikin gidanmu labari uku ake bayarwa. Wasu sun ce wani kamfanin Turawa ne ya gina shi, wasu sun ce na wani Kwara ne, wato mutumin Labanan ko Sham, mai sayar da yadi, gwaggonninmu kuwa sun tsaya a kan cewa kakanmu ne ya yi shi da kuɗin gyaɗa. Magada sun rabu gida biyu: masu son a rushe a yi shagunan zamani, da masu son a gyara a bar shi yadda yake. Kafin a zauna a kan wannan magana ina so in fahimci irin cinikin da ake yi a gine-gine irin wannan, da yadda suka fita daga hannun kamfanoni suka shiga hannun mutanen gari, da kuma dalilin da ya sa wurin da aka ce a da ba a samun masakar tsinke a cikinsa ya koma wurin haya mai arha. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, mai yiwuwa ne dukan labaran nan uku gaskiya ne, sai dai kowanne da zamaninsa, domin haka yawancin kantunan bakin tasha suka yi ta sauya hannu a Arewa.

Nguru tsohon gari ne, shi ne mazaunin Galadiman Borno mai kula da yammacin daular tun ƙarnuka da suka wuce, amma unguwar da ginin naku yake ba ta cikin wannan tsohon tarihi. Jirgin ƙasa ne ya haife ta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fataucin kaya a 1912, kuma cikin ɗan lokaci gyaɗa ta zama babban abin da ake ɗauka zuwa Legas, alhali auduga Turawa suka fi sa rai da ita. Bayan kusan shekara 20 aka ja reshe daga Kano zuwa arewa maso gabas, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, har ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Abin lura shi ne a nan layin ya ƙare. Duk garin da ya zama ƙarshen layi, kayan ƙasar da ke bayansa gaba ɗaya a kansa suke sauka, kamar yadda ya faru ga Ƙaurar Namoda da layinta ya iso a 1929. Saboda haka gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da auduga na arewacin Borno da yammacinta, a kan raƙuma da jakuna da takarkarai, daga baya kuma a manyan motoci, a Nguru suke haɗuwa da tarago.

Kamfanonin da suka mamaye wannan ciniki a garuruwan layin dogo sanannu ne. Mafi girma shi ne United Africa Company, wato UAC, wanda aka kafa a 1929 bayan an haɗe Niger Company, da Lever Brothers suka saya a 1920, da African and Eastern Trade Corporation. Akwai John Holt na Libaful, akwai G.B. Ollivant, akwai Paterson Zochonis, sannan akwai kamfanonin Faransa guda biyu, CFAO da SCOA. Kusa da su kuma akwai Kwarori, mutanen Labanan da Sham, waɗanda suka fara da ƙaramin jari suka kai ga gina nasu kantuna. Tsarin ginin da ka bayyana, wato baranda ta gaba da sito ta baya da ƙofar lodi mai tudu, shi ne tsarin da waɗannan kamfanoni suka fi yi, domin ciniki biyu suke yi a ƙarƙashin rufi ɗaya: suna sayen amfanin gona ta wannan ƙofa, suna sayar da kayan Turai ta waccan. Manomin da ya karɓi kuɗin gyaɗarsa a bakin sikeli bai cika yin nisa da su ba, yana fitar da kuɗin haraji sauran sai su koma cikin akwatin kantin ta hanyar akoko da alawayyo da gishiri da kananzir.

Shekarun farko ba su yi wa kowa daɗi ba, saboda layin ya iso Nguru daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gona ta hannun wata hukuma ta Afirka ta Yamma da ta fara aiki a 1942, ta kuma raba wa kamfanoni kaso bisa yawan abin da kowanne ya saba saya kafin yaƙi, tsarin da ya ƙara wa manya ƙarfi ya tsare ƙanana a bakin ƙofa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Daga nan kamfani ya daina zama mai saye don kansa, ya zama wakili mai lasisi wanda yake saye a farashin da hukuma ta yanka, a biya shi kamasho a kan kowane tan. Wannan sauyi shi ne mabuɗin tambayarka ta biyu. Da ribar ta koma kamasho ƙayyadadde, siyasa kuma ta fara matsa wa hukuma ta ba 'yan ƙasa lasisi, sai manyan kamfanoni suka ga babu amfanin riƙe ɗaruruwan ƙananan rassa a ƙauyuka da garuruwan tasha. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960 UAC ya janye daga sayen amfanin gona da ƙaramin ciniki, ya mayar da jarinsa kan masana'antu da motoci da injuna da manyan kantunan birni, sauran ma suka bi sahu. Gine-ginen da suka bari suka faɗa hannun waɗanda suka fi kusa da su, wato Kwarorin da suke hulɗa da su, da attajiran gari waɗanda dama su ne dillalansu. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda ta keɓe ƙaramin ciniki ga 'yan Nijeriya, ita ta ƙarasa fitar da baƙin da suka rage. Idan kakanku ya sayi ginin da kuɗin gyaɗa a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta biyu, ya kuma yi masa ƙari ko gyara, ba abin mamaki ba ne 'ya'yansa mata su tashi da sanin cewa shi ya gina.

Game da durƙushewar wurin, ni a ganina ta fara tun gyaɗa tana kan ganiyarta. A 1958 Nijeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, domin aikin jirgin ƙasa, aka ja sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Tun daga ranar Nguru ta daina zama ƙofar Borno, ta koma ƙarshen wani gajeren reshe. Abin da ya biyo baya, fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur, sun tarar da garin ya riga ya rasa rabin dalilin kafuwar kantunansa.

Tsohon Akawu ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara ilimi, amma a kan maganarsa ta ƙarshe ina da ja. Na yi aikin akawu a siton wani wakili mai lasisi a wannan layi tun ina saurayi, a ƙarshen shekarun 1960, bayan layin Maiduguri ya riga ya fara aiki, kuma ban ga sito ya kwana babu kaya ba a lokacin kaka. Layin Maiduguri ya ɗauke kayan Maiduguri da Biu da Gombe, wannan haka yake, amma manomin Gashuwa da Machina da Yusufari da Geidam ba shi da tashar da ta fi masa Nguru kusa. A cikin shekarun nan ne ma aka gina mayankar zamani mai ɗakin sanyi a garin, busasshen nama kuma yana ta tafiya Kudu a tarago. Garin da ya mutu ba a yi masa wannan.

Bari in fara da yadda ake aiki a irin ginin, domin ɗana mai tambaya ya san abin da yake kallo. Barandar nan ba don shan iska aka yi ta ba. A nan ake ajiye sikeli, a nan kuma 'yan baranda suke zama, wato ƙananan masu saye waɗanda suke tarye manoma, su auna da mudu ko da kwano, su tara har ya cika buhu, sannan su sayar wa mai sito. Mai sito yana ba manyan yaransa adibas tun kafin a buɗe kasuwa, su kuma su rarraba wa nasu yaran a ƙauyuka, kuɗi su gangara hawa-hawa har su isa ga manomi, gyaɗa kuma ta hauro ta wannan hanya. Duk cinikin a kan amana da bashi yake tafiya, kuma wanda ya ci adibas bai kawo kaya ba, shekara mai zuwa babu mai ba shi ko sisi. Idan buhuna sun taru, ma'aikacin duba amfanin gona yakan zo ya soka buhu ya ɗebi samfuri, ya duba tsakuwa da ɓawo da yawan fasassun ƙwayoyi, sannan ya buga hatimi. Gyaɗar da aka ɓare a turmi takan farfashe, shi ya sa da hukuma ta sa ƙarin kuɗi a kan wadda ƙwayarta ba ta fashe ba, injin ɓara na hannu ya bazu a ƙauyuka. Ƙofar baya mai tudu kuwa an ɗaga ta ne domin ta yi daidai da bayan mota ko bakin tarago, ɗan dako ya shiga da buhu a kai ba tare da ya hau komai ba. Ka duba daɓen ciki da kyau, idan ka ga wani rami mai kusurwa huɗu da aka cike da siminti kusa da ƙofa, wurin babban sikeli ne. Ka duba kuma ko akwai wani ƙaramin ɗaki mai bango mafi kauri wanda ba shi da taga, domin a nan ake ajiye akwatin kuɗi, kuma a zamanin sulalla kuɗin kaka ɗaya kaya ne mai nauyi.

Sito a Nguru bai dogara ga gyaɗa kaɗai ba, kuma wannan ne ya bambanta shi da na wasu garuruwa. Idan gyaɗa ta ja baya, rani ya yi nisa, sai ƙaro ya shigo, wanda ake tsaga dakwara a samu, mata su zauna su tsince shi su ware mai kyau daga mai datti. Fatu da ƙiraga kuwa duk shekara ake sayensu, sai dai ba a haɗa su ɗaki ɗaya da abin ci saboda wari da ƙwari, don haka mai cinikinsu yakan yi musu rumfa daban a bayan fili.

To, me ya kashe cinikin? Na farko farashi. Hukuma tana sayar da gyaɗa a waje da tsada tana biyan manomi kaɗan, ragowar ta tafi ayyukan gwamnati, har manomi ya gane cewa gara ya sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da mai, ko ya bi da ita ta kan iyaka, ko ya shuka gero. Na biyu farin 1972 zuwa 1974, wanda ya fi tsanani a wannan yanki namu, ya kashe dabbobi ya cinye iri. Na uku cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, wadda ta nannaɗe ganye ta bar gonaki babu ko ƙwaya. Bayan wannan shekara manoma da yawa ba su sake komawa gyaɗa ba. Na huɗu kuma, wanda mutane ba su cika ambata ba, shi ne mota. Da aka shimfiɗa kwalta, mai kaya ya ga zai iya loda mota a kasuwar ƙauye ta sauke a Kano ko Legas ba tare da ya jira tarago mako da makonni ba, sai zama kusa da tasha ya daina zama abin da ake biya da tsada. Lokacin da gwamnati ta rushe hukumomin ciniki a 1986, lasisin da ya mayar da kakanku attajiri ya riga ya zama takarda kawai.

'Yar Mai Atamfa ta amsa:

Baba Akawu da Malam duk ta ƙofar baya suka shiga ginin, wato ta wajen buhuna, ni kuwa ina so a tuna da ƙofar gaba, domin ta nan ne kantin ya shiga gidajen mutane. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana cikin matan da suke saro yadi daga irin waɗannan kantuna ta hannun ƙaninta, ta sayar a cikin gida ga matan kulle, 'yan talla kuma su zaga da ragowar. Kanti ba ya sayar da kalmi ɗaya ga kowa da kowa a farashin sari, yana da amintattun masu saro kaya waɗanda ake rubuta musu a littafi, su ɗauki bandir su biya a ƙarshen wata, kuma samun shiga wannan littafi shi ne jarin mutum na gaskiya.

Abin da ake jerawa a kan kantar gaba shi ne kayan auren 'yan mata na zamanin: atamfa, da kwanukan sha masu fure, da langa, da fitilar ƙwai, da sabulu, da turare, da akwatin ƙarfe, ga masu hali kuma keken ɗinki na Singer ko keken hawa na Raleigh. Shi ya sa kasuwar gaba take tashi daidai da ta baya, domin bayan kaka ake biki. Wanda ya ce ginin na Kwara ne mai sayar da yadi, wataƙila zamanin da aka fi tunawa ke nan a wajen mata, saboda Bature manaja ba ya zama a bakin kanta yana ciniki da Hausa, Kwara kuwa yana yi, yana ragi, yana ba da bashi, matarsa ma takan zauna a wurin.

Wannan ɓangare na cinikin ba fari ne ya kashe shi ba. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta a Kaduna da Kano, yadi ya daina zama abin da sai kamfanin da ke da jirgin ruwa zai kawo. Kantin Kwari a Kano ya zama wurin sari, duk ɗan kasuwar da ke da kuɗin mota zai je da kansa ya zaɓo ya dawo, ba ya bukatar wani babban kanti ya tsaya tsakaninsa da kaya. Ciniki bai ragu ba, rarrabuwa ya yi a hannun mutane da yawa masu ƙaramin jari, kuma mai ƙaramin jari ƙaramin shago yake nema. Yanyanka gaban ginin da aka yi, wanda ɗan'uwa mai tambaya yake gani kamar lalacewa, amsa ce ga irin 'yan kasuwar da suka rage a garin. Ni da za a tambaye ni, ba zan goyi bayan rushewa ba, domin kaurin bangon nan da tsayin rufin suna hana zafi, kuma duk wanda ya taɓa ajiye yadi ko magani a shagon bulon siminti mai gajeren rufi a watan bazara ya san abin da nake nufi.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga dattawa. Ina so in ƙara cewa kasuwar wannan gini ba ta tsaya a kan iyaka ba. Nijar ba ta da jirgin ƙasa a wancan zamani, don haka gujiyar Magarya da Matamai da kewayen Damagaram ta layin dogon Nijeriya take fita zuwa teku, mafi yawa ta Kano. Mutanen gabas kuwa, na wajen Gure da Maine Sorowa da ƙasar Manga, Nguru ta fi musu kusa, kuma ta nan kanwa da gishirin Manga da dabbobi da fatu suke gangarawa, su komo da yadi da sukari da goro. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA ta ba shi ikon cinikin gujiya, daga nan aka sami farashin hukuma biyu a gefe biyu na iyaka ɗaya, manoma da fatake kuma suka riƙa bi da kaya ta inda ya fi tsoka, a sefa ko a fam. Saboda haka idan an sami tsofaffin littattafan sito, kada a yi mamakin ganin sunayen garuruwan Nijar a cikin masu karɓar adibas. Farin shekarun 1970 da Baba ya ambata ya yi mana irin ɓarnar da ya yi muku, gujiyar Nijar ma ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Jikan Mai Sito ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Baba, na je na duba, ramin sikelin yana nan an cike shi, ƙaramin ɗakin marar taga ma yana nan, telan ne yake ajiye kaya a ciki. A cikin akwatin kakanmu kuma an sami rasitan haya da wasu takardu masu lissafi da fam da sule, amma babu takardar sayen ginin kanta. Ta wace hanya za mu bi mu gano wanda aka fara ba filin, kuma rashin takardar zai iya kawo mana matsala idan an zo rabon gado ko sayarwa?

Ma'aunin Fili ya amsa:

Malam, tambayarka ta biyu ta fi ta farko gaggawa, kuma amsarsu a wuri ɗaya take. A irin waɗannan garuruwan tasha na Arewa ba a ba kamfanin baƙi ƙasa mallaka ta har abada. Tun dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar Gwamna ne a madadin jama'a, abin da ake ba kamfani shi ne izinin zama na wasu shekaru ƙayyadaddu a kan filin ciniki mai lamba, yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma ba ya iya mayar da izinin ga wani sai da yardar hukuma. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan tsari, haka ma dokar amfani da ƙasa ta 1978 da ake aiki da ita yanzu. Ma'anar wannan ita ce kowane filin ciniki yana da fayil, kuma idan an bi ƙa'ida, duk sauyin hannu daga kamfani zuwa Kwara zuwa kakanku yana rubuce a cikinsa da shekararsa.

Abu na farko shi ne a tabbatar ko ginin yana cikin filin hukumar jiragen ƙasa ko yana wajensa, domin gine-gine da yawa na bakin tasha a kan ƙasar reluwe suke, haya ce kawai ake biya, kuma ku duba rasitan da kuka samu ku ga wa ake biya da kuma lambar filin da aka rubuta a kai. Idan na reluwe ne, maganarku tana wajen kamfanin da ke kula da kadarorin hukumar, kuma rushe ginin ba tare da izininsu ba zai iya jawo muku asarar filin da ginin gaba ɗaya. Idan yana waje, sai a nemi fayil a ofishin ƙasa da safiyo na jiha. A nan sai an yi haƙuri, saboda Nguru ta zauna a Lardin Borno, ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta koma Jihar Borno a 1976, sannan Jihar Yobe a 1991, fayiloli kuma sun yi ta ƙaura tsakanin Kaduna da Maiduguri da Damaturu. Tsofaffin takardun lardi na zamanin Turawa, har da wasiƙun Razdan da Di'o a kan rabon filayen ciniki da taswirar unguwannin tasha, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma da lambar fili a hannu neman ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardun da ke lissafi da fam da sule sun girmi watan Janairu na 1973, lokacin da naira ta shigo aka canza fam ɗaya a kan naira 2, don haka sun nuna cewa kakanku yana da alaƙa da ginin kafin wannan shekara, ko a matsayin mai haya ko mai shi. Kada a ba kowa asalinsu, a ɗauki hotonsu a ajiye. A kuma nemi dattawan unguwar waɗanda suka yi dako ko akawu ko gadi a wurin a rubuta shaidarsu tun suna raye, a gaban mai unguwa, domin kotun da za ta raba gadon za ta nemi hujjar mallaka kafin ta sa ginin cikin abin rabo, kuma idan wa'adin izinin farko ya ƙare ba a sabunta ba, sai an sabunta shi da sunan magada kafin wani mai saye ko banki ya karɓi takardar.